Ƙuri'ar matan Arewa: addini ne ya jinkirta ta ko lissafin siyasa?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ga wata magana da nake so masana tarihi a zauren nan su warware mana. Matan kudancin Najeriya sun kaɗa ƙuri'a a zaɓen tarayya na 1959, zaɓen da ya kai mu ga samun 'yancin kai. Matan Arewa kuwa ba su kusanci akwatin zaɓe ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, sannan tsarin mulkin 1979 ya tabbatar musu. Wato duk tsawon Jamhuriya ta Farko iyayenmu mata 'yan kallo ne. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, ba zaɓaɓɓun wakilanmu ne suka ba su ba, gwamnatin soja ce ta Obasanjo. To addini ne ya hana, ko al'ada, ko kuwa lissafin siyasa ne aka naɗa masa rawani?

Sadauki: Anti, da girmamawa, amma wannan ai tone-tone ne. An ba su, sun samu, yanzu ma sun fi mu cika layi ranar zaɓe. Me kuma ya rage?

Baba Mai Tauraro: Wa alaikumus salam. Ɗana Sadauki, wannan "an ba su" da ka faɗa cikin sauƙi, akwai waɗanda suka sha bulala da gidan yari a kanta. Mahaifina tela ne a Fagge kuma ɗan NEPU ne na ƙashin ƙwarai, a shagonsa na tashi ina jin waɗannan maganganu. NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ta sa ƙuri'ar mata cikin abubuwan da take nema. NPC mai riƙe da mulki ta ce lokaci bai yi ba, jama'a ba za su karɓa ba.

'Yata Maman Ilham, lissafin da kike zargi ga shi nan a fili. A zaɓen 1959 kujerun majalisar wakilai 312 ne, Arewa ta samu 174. Da me aka raba kujerun? Da yawan jama'a. A ƙidayar kuma har da mata. An ƙirga kan mace an karɓo kujera da shi, sannan aka ce ta zauna a ɗaki, maza su zaɓa mata wanda zai hau kujerar. Idan haramun ne ta yi zaɓe, me ya halatta a ci riba da adadinta?

Wadda ta fi kowa ɗanɗana kuɗarta a wannan gwagwarmaya ita ce Hajiya Gambo Sawaba. An haife ta a 1933, an yi mata aure tana da shekara 13, ta shiga NEPU a Zariya tana da kamar 17, a lokacin da manyan maza ke ɓoye katin jam'iyyar a cikin hula saboda tsoron 'yan doka. Ta je Abeokuta ta zauna wajen Funmilayo Ransome-Kuti ta koyi yadda ake tara mata. Da ta zo Kano tana shiga gida-gida tana yi wa matan kulle bayani, aka kama ta, aka ɗaure, aka kuma kore ta daga garin. An ruwaito cewa sau 16 tana shiga gidan yari. Ban da dukan da 'yan banga suka sha yi mata. Ta rasu a 2001. Yau ga asibiti da sunanta a Ƙofar Gayan a Zariya, amma ka tare ɗalibai goma a bakin ƙofar asibitin ka tambaye su me ta yi, ka ji amsa.

Malam Abu Ammar: Allah ya saka wa Baba da alheri. Ni dai abu ɗaya nake so a cire daga tambayar tun farko, shi ne addini. Mata sun yi wa Manzon Allah (SAW) mubaya'a da kansu, ba ta bakin mazajensu ba, kuma Alƙur'ani ya ambaci wannan a Suratul Mumtahana. A ƙasarmu ma, Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya soki malaman zamaninsa da ke karantar da almajirai a zaure suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'yan taru. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali daga ƙauye ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa da rawani alamar izini, jajin ta jagoranci ayarin mata su zo su ɗauki karatu su koma su karantar. Wannan kafin Bature ya ci Sakkwato ne.

Sannan a tuna, matar aure a Ingila ba ta samu cikakken ikon mallakar dukiyarta ba sai da dokar 1882. Musulma kuwa sadakinta nata ne, gadonta nata ne, cinikinta nata ne, miji bai da ikon taɓa ko kwabo sai da yardarta. Don haka idan ana batun 'yancin mata kada a ɗauka daga waje aka kawo mana shi.

Amma fa ina roƙon a sassauta harshe kan magabata. Su Sardauna sun gaji ƙasa ce da sarakuna da malamai ke da ƙarfi, suna tafiya da jama'a a hankali.

Maman Ilham: Allah ya gafarta Malam, na yarda da kashi na farko. Na biyun ne ban gamsu ba. Masar ta bai wa mata ƙuri'a a 1956. A Sudan har an zaɓi mace, Fatima Ahmed Ibrahim, zuwa majalisa a 1965. Su ba su da malamai ne? Al-Azhar fa a Masar take.

'Yar Maraɗi: Salamu alaikum mutanen Najeriya. Ba sai kun tahi Masar ba, ku leƙo nan maƙwabta. Mu a Nijar dokar da Faransa ta yi a 1956 ta ba kowane baligi ƙuri'a, namiji da mace. Kakata ta wajen uwa a Maraɗi take, ƙanwarta an kai ta aure Katsina. Uwa ɗaya uba ɗaya, harshe ɗaya, malamai ɗaya, littafin Risala ɗaya ake karantawa a zaurukan garuruwan biyu. Ɗaya tana da katin zaɓe, ɗaya sai da ta jira shekara 20. Iyaka ce kawai tsakaninsu. In addini ne, to a Jibiya addinin yake canzawa?

Sadauki: Yawwa, kin kawo ni inda nake so. Faransa ce ta ba ku, ba ku kuka nema ba. Shi ya sa muke cewa ajandar Turawa ce. Kullum sai su fito da wani abu su ce mu bi.

'Yar Maraɗi: Ƙanena, ƙuri'ar maza ma ai Bature ya kawo ta, ban ji ka ce a maida masa abinsa ba.

Kuma bari in ba ka wanda muka nema da ƙafafunmu. A 1991, da ake shirin babban taron ƙasa, aka kafa kwamitin share fage aka sa mace ɗaya tal a ciki. Ranar 13 ga Mayu dubban mata suka fito titin Yamai suka yi tattaki har ofishin firaminista, ba su watse ba sai da aka yarda a ƙara mata a kwamitin. Shi ya sa har yau 13 ga Mayu ita ce ranar matan Nijar, ranar da za ka ga an fito da anko gari ya ɗauka. Duk da haka a zaɓen 1999 mace ɗaya ta shiga majalisa cikin 'yan majalisa 83. Sai aka yi dokar kaso a 2000, wadda ta tilasta a bai wa mata kashi 10 cikin ɗari na kujerun zaɓe da kashi 25 na muƙaman naɗi. A zaɓen 2004 mata 14 suka shiga. A 2019 aka ɗaga kason zuwa 25 da 30. Tun juyin mulkin 2023 dai majalisar da aka zaɓa ba ta nan, wannan wata maganar ce.

Kada ku ɗauka yabon kai nake. Dokar iyali an sha ɗauko ta a ƙasarmu ana ajiyewa saboda adawar ƙungiyoyin addini. Kuma a yankin Ƙonni ne aka sayar da Hadijatou Mani tana da shekara 12 a matsayin wahaya, wato baiwar da ake ajiyewa kamar mata ta biyar. Da ta samu takardar 'yanci ta auri wanda take so, tsohon ubangijinta ya kai ƙara, aka ɗaure ta da laifin aure kan aure. Sai a 2008 kotun CEDEAO, wato ECOWAS, ta ce gwamnatin Nijar ta gaza kare ta daga bauta, ta sa a biya ta sefa miliyan 10. Shekara 52 ke nan bayan samun ƙuri'a.

Barista Ummi: Wannan misali na ƙarshe shi ne zuciyar maganar a wajena. Ƙuri'a ita ce mafi sauƙin bayarwa, domin ba ta rage wa kowa komai a gida. Inda ake ja-in-ja shi ne gona, da gidan gado, da riƙon yara, da kuɗin ciyarwa.

Malam, duk abin da ka lissafa gaskiya ne a littafi. Amma ni kotu nake wuni. Bari in ba ku abin da na gani da idona, ba zan faɗi gari ba. Wata baiwar Allah ta zo neman khul'i, ta shekara biyu miji bai ciyar ba, bai tufatar ba. A fiƙihun Malikiyya rashin ciyarwa kaɗai dalili ne da alƙali zai raba auren ba tare da ta biya ko sisi ba. Amma ba wanda ya taɓa gaya mata haka. Tana zaune a benci da goyo, ta ƙulle kuɗi a bakin zani, ta sayar da akuyarta da gadon ƙarfenta don ta fanshi kanta. Mijin kuma ya miƙe yana lissafa har kuɗin zance da goron sallah na shekarun baya. Da na ce a duba batun ciyarwa tukuna, kallon da aka yi mini kamar na zo da sabon addini. Haƙƙin nan yana cikin littattafan da ke kan teburin kotun, ba daga taron mata na duniya na Beijing na ɗauko shi ba.

Shi ya sa nake ganin manyan nasarorin matan Arewa a shari'a daga cikin fiƙihu aka ci su. Ku tuna Safiya Hussaini a Sakkwato a 2002 da Amina Lawal a Katsina a 2003, waɗanda aka yanke wa hukuncin jefewa kan zargin zina. Duniya ta yi ta hayaniya, amma ba hayaniyar ce ta kuɓutar da su ba. Lauyoyi irin su Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim, da goyon bayan ƙungiyoyin kare haƙƙin mata irin su BAOBAB da WRAPA, sun tsaya gaban kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a da hujjojin Malikiyya: ikon janye iƙirari, kurakuran da ƙaramar kotu ta yi, da mas'alar kwantaccen ciki, cewa cikin bazawara na iya zama na tsohon mijinta har tsawon shekaru. Alƙalan shari'a ne da kansu suka sake su.

Malam Abu Ammar: Barista, a nan ba mu da saɓani ko kaɗan. Jahilci da son zuciya ne matsalar, ba nassi ba.

Barista Ummi: Allah ya gafarta, muna da ɗan saɓani. Kai kana cewa nassi ya wadatar. Ni ina cewa nassin da ba a mayar da shi doka rubutacciya mai hukunci ba, kowane alƙali da yadda zai juya shi. Maroko ta rubuta dokar iyalinta ta kuma gyara ta a 2004, su ma Malikawa ne. A Kano an ɗauko irin wannan yunƙuri a 2017 lokacin da Sarki Muhammadu Sanusi II ya yi maganar dokar iyali, kowa ya ga irin ƙurar da ta tashi.

Anti Larai: Ina gaisuwa jama'a. Ni Kirista ce daga kudancin Kaduna, ina so in ce wani abu don kada a ɗauka abin na Musulmi ne kaɗai. Hanin da aka yi kafin 1976 ya haɗa da iyayenmu, domin dokar ta Jihar Arewa ce gaba ɗaya. Mace a Kafanchan ko Jos ko Makurɗi ba ta yi zaɓe ba, ko da ta yi makarantar mishan tana koyarwa. Sannan a batun gado ku kun fi mu, ko ba komai kuna da rabo rubutacce. A al'adun ƙabilu da yawa 'ya mace ba ta gadon ƙasa sam. Da babanmu ya rasu, 'yan'uwansa suka zauna a tsakar gida suka raba gonaki, mu mata muna kicin muna dafa musu abincin da za su ci in sun gama.

A al'adar Ibo ma sai da wata mata, Gladys Ukeje, ta kai ƙara kan dukiyar mahaifinta da ya rasu a 1981. Kotun ƙoli ba ta yanke hukunci ba sai a 2014, inda ta ce al'adar hana 'ya mace gado ta saɓa wa sashe na 42 na tsarin mulki. Sama da shekara 30 ana shari'a ɗaya. Wace 'yar ƙauye ce ke da wannan juriyar da wannan kuɗin?

Kuma Sadauki, tunda ka ce ajandar Turawa ce, matan kudu da Turawan suka fara faɗa. A 1929 matan yankin Aba suka tashi kan jita-jitar za a sa musu haraji, abin ya faro daga Oloko lokacin da aka aiko a ƙirga wata mata mai suna Nwanyeruwa da dabbobinta. Sojojin mulkin mallaka suka buɗe wuta, mata fiye da 50 suka mutu. A Abeokuta kuma ƙungiyar su Funmilayo ta yi ta zaman dirshan a ƙofar fada kan harajin mata har sarkin garin, Alake Ademola, ya sauka daga gadon sarauta a 1949. Wane Bature ne ya aike su?

Sadauki: To na ji, tarihi ya yi. Amma ku zo zamaninmu. Yanzu doka ba ta hana mace tsayawa takara ba. Mata ne kusan rabin masu rajista. In suna son mace su zaɓe ta mana. Me ya sa sai an ware musu kujeru na musamman? A 2022 an nemi a ƙara kujeru 111 a majalisar tarayya, majalisar da kowa ke kuka da kuɗin da take ci. Kuma tsakani da Allah wa zai hau kujerun nan? Matan gwamnoni da 'ya'yan manya. Talakar Barista mai sayar da akuya ba za ta ga ko ƙofar ba.

Abu Fatima: Sadauki ya yi gaskiya a nan. Ni 'ya'yana huɗu duk mata ne, ba na ƙin ci gabansu, amma kujerar alfarma ba ta gyara ƙasa.

Barista Ummi: Batun kuɗi da batun 'ya'yan manya damuwa ce ta gaske, ban raina ta ba. Amma ranar 1 ga Maris 2022 ba ƙudurin kujeru kaɗai aka kayar ba, guda biyar ne, kuma wasunsu ba sa cin ko naira. Ɗauki na zama ɗan ƙasa. Sashe na 26 na tsarin mulkin 1999 ya ce baƙuwar da ta auri ɗan Najeriya tana iya yin rajista ta zama 'yar ƙasa. 'Yar Najeriya da ta auri baƙo kuwa, mijinta bai da wannan hanyar. Mu da ke aurayya da Nijar da Chadi da Kamaru kullum, wa wannan ya fi shafa? An kayar da shi. Ga kuma na asalin jiha: mace 'yar Katsina ta auri Bakano, ta shekara 30 a Kano, ta haifa ta aurar. In muƙami ya taso, Kano ta ce ba 'yarta ba ce, Katsina ta ce ai ta yi aure ta tafi. Ƙudurin ya ce bayan shekara biyar da aure ta ci albarkacin jihar mijinta. Shi ma an kayar. Sai da mata suka yi kwanaki suna tare ƙofar majalisa kafin majalisar wakilai ta ce za ta sake duba uku daga ciki, kuma har wa'adinta ya ƙare ba su zama doka ba.

Akwai ma waɗanda kotu ce ta cire su ba majalisa ba. Sai a 2009 babbar kotun tarayya a Fatakwal ta soke sharaɗin cewa matar aure sai ta kawo takardar izinin miji kafin a yi mata fasfo. Sashe na 55 na kundin Penal Code na Arewa kuwa, wanda ya bar wa miji ƙofar "ladabtar" da matarsa in al'adarsu ta yarda, tun zamanin Jihar Arewa yake.

A kan "su zaɓe ta mana": kafin sunan mutum ya kai ga akwati sai ya bi ta hannun daliget, da kuɗin fom, da taron tsakar dare a otal. A majalisar dattawan da aka zaɓa a 2023 mata huɗu ne cikin 109, babu ko ɗaya daga Arewa maso Yamma ko Arewa maso Gabas. Ba za ka zaɓi wadda ba a sa a takarda ba.

Baba Mai Tauraro: Bari in ƙara wa Barista abin da littafi ba ya faɗa. Makamin da aka fi kashe matan siyasa da shi a Arewa ba doka ba ne, kalma ɗaya ce: karuwa. Da ita aka jefi Gambo, da ita ake jifan 'yar takarar kansila yau. A zamanin su mahaifina matar aure ba ta zuwa lacca, don haka rassan mata na jam'iyyu, har da na NPC ɗin kanta, sun dogara sosai da mata masu zaman kansu, su ne masu waƙa da guɗa da tara jama'a. An mora su a dandali, sannan aka juya aka ce kun gani, siyasa ba ta matan kirki ba ce.

Na yi wa jam'iyyar PRP mai alamar mabuɗi wakilcin akwati a 1979. Tun da asuba layin mata ya zagaye katangar makarantar firamare ya fi na maza tsawo. Tsofaffi da sanda, amare da lalle a ƙafa, wasu rabonsu da fita da rana tun ranar da aka kai su. Wata dattijuwa da aka dangwala mata tawada ta tsaya tana duban babban yatsanta, ta tambaye ni ko tawadar tana hana alwala. Na ce Iya ba ta hanawa. Ta ce to nuna mini mabuɗi. Na ce Iya ni doka ta hana in nuna, ta ce to matsa, na gan shi da kaina. A zaɓen nan PRP ta ci Kano da Kaduna. Masu cewa mata ba su san komai ba, mazansu za su bi, ba su tsaya inda na tsaya ba.

Malam Aminu Kano, jagoran PRP, kuma bai tsaya a baki ba. Da zai sake takarar shugaban ƙasa a 1983, mace ya ɗauka mataimakiya, Bola Ogunbo, sai dai Allah ya karɓi ransa a watan Afrilu kafin zaɓen.

Malam Abu Ammar: Baba, ƙazafi babban zunubi ne ko a kan wa aka yi shi, wannan ba a jayayya. Amma kada zauren nan ya tafi a kan cewa duk abin da aka kira 'yancin mata sai mun sa hannu. Ƙudurin daidaiton jinsi da majalisar dattawa ta yi watsi da shi a 2016, malamai sun yi adawa da shi ne saboda fargabar zai taɓa rabon gado da Allah ya yanke da kansa. Wannan ba ma neman afuwar kowa a kansa. Batun shugabancin ƙasa ga mace ma malamai suna da magana a kai, ba zan ɓoye ba. Amma ilimi, da gado, da ciyarwa, da hana auren dole, da hana duka, ni ne a sahun gaba. Ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN da aka kafa a Minna a 1985, su Hajiya Aisha Lemu, ai wannan hanyar suka bi, makarantu da asibitoci, ba tare da sun yi faɗa da addininsu ba.

Maman Ilham: Malam, to ga tambaya. Rabin da Allah ya yanke mana ɗin, ana ba mu? Huɗuba nawa ka ji a kan masu cinye gonar marayu mata, in ka kwatanta da huɗubar da ake yi kan tufafinmu?

Ummu Hanif: Maman Ilham kin taɓo mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. Ni ba na magana a zauren nan amma yau sai na yi. Mahaifinmu ya bar gonaki uku da gida. Mu bakwai ne, maza uku mata huɗu, da mahaifiyarmu. Yayyenmu suka ce ba a raba gona, "gandu" ne, duk kaka za a riƙa aiko mana da rabonmu. Shekarar farko buhu biyu na gero, ta biyu buhu ɗaya, daga nan sai gaisuwa. Bara aka yanka ɗaya gonar aka sayar da fulotai saboda gari ya iso wajen, a bakin maƙwabta muka ji. Ko tumunin Inna ba a fitar ba. Da na ɗaga murya aka ce zan ɓata zumunci, wai mace mai kai 'yan'uwanta kotu ba ta da tarbiyya. Katin zaɓe kam ina da shi, kowane zaɓe ina fita.

Sadauki: Subhanallah. Wannan kam zalunci ne, ba ruwansa da kujeru 111.

Barista Ummi: Yana da ruwa, amma mu bar wannan tukuna. 'Yar'uwa Ummu Hanif, haƙƙinku bai mutu ba don an daɗe. Ku huɗun da Inna ku haɗa kai, ku fara da wani babba a dangi ko limamin unguwa da yayyenku ke jin nauyinsa, a kira zama a rubuta duk abin da marigayi ya bari, har da gonar da aka sayar da kuɗin da aka karɓa. In sun ƙi, ku shigar da ƙarar rabon gado a kotun shari'a ta yankin da gonakin suke, ba dole sai da lauya ba. Ku nemi shaidu biyu da suka san iyakokin gonakin, mai unguwa da maƙwabtan gona sun fi kowa amfani a nan. Ku kuma roƙi kotu tun zaman farko ta dakatar da sayar da sauran biyun har a gama. Bayan an fitar da tumunin Inna, abin da ya rage kashi goma za a yi, kowane namiji biyu, kowace mace ɗaya, wato ku mata kuna da huɗu cikin goma.

Malam Abu Ammar: Lissafin Barista daidai ne, in babu bashi ko wasiyya ko wani magajin da ba a ambata ba. Ummu Hanif, iyayen marigayin suna raye lokacin da ya rasu?

Ummu Hanif: A'a Malam, duk sun riga shi. Mata ma Inna ce kaɗai. Zan kira ƙannena mata yau da daddare in ji ta bakinsu, ƙaramar ce nake tsoro, mijinta abokin babban yayanmu ne.